Zaitun a Ruwan Ɗumi

Estremadura, ƙasar Sifen
Satumba

Goggo Fibi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gwiwar nan taki? Ina fata kin daina taurin kai kina shafa maganin da likita ya rubuta, ba man zafin 'yan tasha ba. Ki gaishe min da Baba Rwang da iyalinsa, da maƙwabciyarmu Iya Jumoke tela, wadda na san a wayarta za ki karanta wannan wasiƙa, tunda har yau kin ƙi wayar da ake shafawa. Da hannu na rubuta na ɗauki hoto kamar yadda kike so, sai Iya Jumoke ta kai a fitar miki da ita a takarda, don kin ce maganar waya ba a ninke ta a ajiye cikin Littafi Mai Tsarki.

Ni lafiyata ƙalau. Makarantar koyon girkin ta turo ni wani ƙauye in yi aikin gwaji a masaukin matafiya. Mai wurin wata tsohuwa ce, Eulaliya, gajeriya, mai faɗa kamar ke. Wata hanya ce ta bi ta ƙofar gidan, wadda masu ziyarar ibada suke takawa a ƙafa daga kudancin ƙasar har arewa, jaka a baya, sanda a hannu. Suna isowa ƙafa duk ta yi bororo, su zube a kan benci, mu kuma mu ciyar da su.

Goggo, da kin ga abincin da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Akwai wanda suke kira migas. Burodin jiya ne da ya bushe, a marmashe shi, a yayyafa masa ruwa, a soya da man zaitun da tafarnuwa da jan barkono da 'yan gutsattsarin naman alade. Abincin makiyayansu ne tun zamanin da. Ranar farko na raina shi, yanzu ni ce mai kankare ƙasan kasko. Akwai kuma gasfacho, tumatir da kokwamba da burodi a niƙa, a sha da sanyi kamar kunu, ko wuta ba ya gani. In matafiyi ya shigo rana ta gasa shi, shi yake fara nema. Giyarsu ta gida a manyan randunan ƙasa ake haɗa ta, pitara suke ce mata, kuma kowane gida rantsuwa yake tasa ta fi ta maƙwabci, kamar dai matan burkutu na ƙauyenmu. Ɗanɗanawa kawai na yi, kada ki kai ƙarata wurin fasto.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Duk baƙon da ya zauna, kafin ya buɗe baki, Eulaliya za ta dire masa ɗan kwanon zaitun a gaba. Ba sai ya tambaya ba. Ranar da na fara gani, kicin na shige na yi kuka. Na tuna rumfarku ke da Mama a Tina Junction, ƙarƙashin bishiyar atilin gidanmu, yadda direba ko fasinja ba ya gama zama sai Mama ta tura masa atili a murfin kwano, ya riƙa tsotsa kafin gwoten acca ya iso. Zaitun ɗin nan kusan kamarsu ɗaya, har ƙwallon da ake tofarwa. Tun rasuwar Mama ban ji na zauna daidai a wani wuri ba sai a gidan nan. Na samu atilina a nan, Goggo, kewar gida ta ɗan sake ni.

Taki,
Loyis

*

Tina Junction, Jos
Oktoba

Loyis 'yata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a shagon Jumoke tana ta ƙara min girman rubutun da yatsa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita ke ba ni labarin ruwa kafin hadari ya taso. Maganin likita yana kan taga, man 'yan tasha yana kan gwiwa, kowa da wurinsa.

Wato Loyis, jirgi kika hau kika ƙetare teku don ki koyi soya ɓarɓashin burodi? Abin da muke watsa wa kaji? Da miyar da ba ta ga wuta ba? Na ba direbobin rumfa labari, wani ya ce a tambaye ki ko gas ne ya yi tsada a can. Amma tsohuwar nan taki na yaba mata. Macen da ba ta barin baƙo ya zauna baki wofi, an yi mata tarbiyya a gidansu.

Yanzu ga maganar da ta kawo ni. Ƙanin mahaifinki, Rwang, yana so ya sare bishiyar atili. Ya ce titi ya cika da jama'a, kowa a layinmu ya fasa katanga ya yi shaguna, mu kaɗai muka bar wa tsuntsaye gaban gida. Ya ce in ya gina, har ni zai ba ni ɗaya mai ƙofar ƙarfe in daina shan iska a rumfa. Ba mugunta ba ce, yaransa suna makaranta, ni shaida ce. Mun zauna da dattawan gida, suka ce bishiyar a kason marigayi mahaifinki Pwajok take, ke kaɗai ya bari, don haka bakinki ne zai yanke. In kin ce a bari, za a bari. In kin yi shiru har Kirsimeti, Rwang ya kawo masu injin yankan itace.

Kakanki ne ya dasa ta tun wurin nan yana gonar acca. A ƙarƙashinta uwarki Magadaliya ta goya ki tana tuƙa gwote. Da yamma takan kankaro ƙaron da ke jikin bishiyar ta jefa a garwashi, gida ya ɗauki ƙamshi, sauro ya gudu, ke kuma ki ɓingire da barci a kan bencin baƙi. Da farko na yi niyyar in rubuta miki duk wannan da tsawo, har da ranar da kika maƙale a babban reshe sai da aka kira mai tsani. Sai na koma ƙarshen wasiƙarki, inda kika ce kin samu atilinki a can, kewar gida ta sake ki. Na cire tabarau na goge na sake dubawa, haka dai yake a rubuce. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. To wanda ya samu nasa, ban ga dalilin da zan dame shi da namu ba. Ba roƙonki nake yi ba. Na dai sanar da ke ne don kada gobe ki ce an yi ba da saninki ba.

Bana ta yi 'ya'ya har rassan suna rinjaya.

Goggonki,
Fibi

*

Estremadura
Nuwamba

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa da sauƙi. A tsaye nake wannan rubutu. Lokacin tsinkar zaitun ne, duk ƙauyen yana gona, ni da Eulaliya kaɗai muke ciyar da ma'aikata da matafiya. Chinonye, nas ɗin nan 'yar unguwar Rikkos ta Jos da ke aiki a Madrid, ta biyo ta nan, gobe za ta tashi zuwa gida, motarta ma tana jira a waje. Maganarki ta hana ni sukuni, kuma ba ta layi biyu ba ce, zan zauna in rubuto miki da kyau. Kafin nan ga wannan ƙunshi. Da hannuna na tsinko shi da safen nan daga bishiyar da ke ƙofar Eulaliya. Ki dube shi, za ki gane inda zuciyata take.

Taki,
Loyis

*

Tina Junction, Jos
Disamba

Loyis,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Chinonye ta kawo saƙo, Allah ya yi mata albarka, har gida ta zo. Na kwance ƙunshin na ga 'ya'yan itace kore shar, masu sheƙi, kamar atilin da bai gama nuna ba. Na yi murna, kada ki ce ban yi ba. Na ce yarinyar nan ta tuna da mu.

Na yi masa duk mutuncin da ake yi wa atili. Na ɗumama ruwa, na sa yatsa na ji ya yi daidai, na zuba a babban kwanon uwarki mai fure, na rufe. Na aika aka kira Rwang, na ce zo ka ci amsar 'yarka. Jumoke ta bar keken ɗinki ta zo, ga direbobi suna zaune suna jiran atilin Turawa. Na buɗe na matsa ɗaya, yana nan kamar tsakuwa. Na sake ɗumama ruwa na sake rufewa. Muka yi hira har ta ƙare, bai yi laushi ba. Rwang ya gaji da jira ya ɗauki ɗaya ya gatsa.

Loyis, tun da nake da ƙanina ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Jumoke ta gwada ta tofar tana cewa, “Mama Fibi, wannan abu ya wuce kulorokwin, abeg a ba ni ruwa!” Direbobi suka yi ta dariya har ɗaya ya ƙware. Ni ma na ci. Na tauna na haɗiye, don ba zan tofar da abin da kika aiko a gaban mutane ba. Ɗacin ya wuni a bakina, ko gwote ban ji ɗanɗanonsa ba ranar.

Da mutane suka watse Rwang ya tsaya. Bai yi dariya ba, shi ya fi ci min rai. Ya ce, “To Yaya, ta ce ki duba ki gane inda zuciyarta take. Kin dai ji.” Na ce masa a jira doguwar wasiƙar da kika yi alkawari. Na jira. Kullum sai na leƙa shagon Jumoke kamar mai neman zare, ta ɗaga kai ta ce babu. Har na fara jin kunyar leƙawa.

Don haka na ce wa Rwang ba sai ya jira Kirsimeti ba, kada magina su watse hutu. Ya yi magana da masu inji. Na ga kiranki a 'yar wayata, ban ɗauka ba, don in na ji muryarki zan faɗi abin da ba zan iya janyewa ba.

Ni ban yi fushi da ke ba. Na raine ki ne don ki tafi, ba don ki zauna kina gadin bishiya ba. Amma da kin ce min, “Goggo, a sare,” da ya fi min sauƙi a kan ki aiko min da abin da zan ci in ji kunya a gaban baƙina.

Zaitun ɗinki ban zubar ba, ba a zubar da abinci a gidan nan. Yana cikin bokiti a bayan ƙofa. Kowace safiya nakan tsiyaye ruwan in zuba sabo don kada ya yi min wari a ɗaki, kafin in san yadda zan yi da shi. Jumoke ta tafi biki Ogbomosho, sai ta dawo za ta tura miki wannan.

Fibi

*

Estremadura
Disamba

Iya Jumoke, don girman Allah, kafin ki kai wa Goggo wannan, ki ruga ki nuna wa Baba Rwang. Na kira shi na gaji, ba ya ɗaukar lambar ƙasar waje, ya ɗauka 'yan damfara ne.

Baba Rwang, kada a sare bishiyar. Ni Loyis 'yar Pwajok na faɗa. Ka ɗauki duk sauran kason Babana, daga tsohon gareji har kwana, ka gina shagunanka, na ba ka da zuciya ɗaya. Bishiyar kawai da inuwarta za ka bar mana.

Goggo, yanzu ke. Yau wasiƙarki ta shigo, na karanta ina dariya ina kuka har Eulaliya ta zaci rasuwa aka yi. Goggo, ɗanyen zaitun na aiko miki! Babu mahaluƙin da ke cin sa haka. 'Yan birni in sun biyo hanyar nan sukan tsinka su gatsa, tsofaffin ƙauye kuwa suna zaune a bakin ƙofa musamman don su kalli fuskarsu. Shi ba ruwan ɗumi yake so ba. Ana ƙwanƙwasa kowane ɗaya da guduma ta katako ya tsage, a jiƙa a ruwan sanyi, a riƙa canza ruwan kowace safiya har ɗacin ya fita. Sannan a sa gishiri da tafarnuwa da ɓawon lemo da ganye mai ƙamshi, a rufe a tulu. Na saba gani kullum har na manta ba kowa ya sani ba. Ga motar Chinonye tana hon, ban rubuta ko kalma ɗaya a kai ba. Bayan nan Eulaliya ta zame a gona ta karye a hannu, masaukin duka ya dawo kaina, kullum ina cewa gobe zan rubuta.

Ga abin da na so ki gani. Bishiyar ƙofar Eulaliya ta girmi gidan. Cikinta ya rarake, yaro zai iya ɓuya a ciki, amma duk shekara sai ta cika tuluna. Da aka zo shimfiɗa kwalta, kakan Eulaliya ya kafa kujera a gindinta ya ƙi tashi, dole titin ya karkata ya wuce. Har yau a karkace yake. Daga ita ake cika ɗan kwanon da ake dire wa baƙo. Na ɗauka in kin riƙe 'ya'yanta a hannu za ki san ba zan taɓa yarda a taɓa tamu ba.

Da na ce na samu atilina, Goggo, ba wai ya maye gurbinsa ba ne. Ina son zaitun ne don yana kama da abin da na bari. Duk sanda na dire wa baƙo kwano, hannun Mama nake gani. Akwai yammacin da nakan tsaya a ƙofa ina shaƙar iska ko zan ji ƙamshin ƙaron nan, sai hayaƙin itacensu kawai.

Na ba Eulaliya labarin ruwan ɗumi, ta yi dariya har hannun ya motsa ta yi ƙara. Da ta huta ta ce wane irin ɗan itace ne wannan da ɗumi kawai yake so, tana so ta ɗanɗana kafin ta mutu.

Ki ɗauki wayata, Goggo. Ki faɗa min ko na makara.

'Yarki,
Loyis

*

Tina Junction, Jos
Janairu

Loyis 'yata,

Barka da sabuwar shekara, Ubangiji ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi. Na fara shafa na likitan, amma kada ki yi murna, na tasha ne ya ƙare.

Na faɗa miki a waya cewa bishiya tana tsaye, na kashe kafin ki yi tambaya. Ga sauran a rubuce, don ban iya faɗa da baki ba.

Ranar da wasiƙarki ta shigo, masu inji sun riga sun zo. Ban buɗe rumfa ba. Na shige ɗaki na ƙure rediyo, amma kukan injin ya fi shi. Sai na ji wani abu ya faɗi har ƙasa ta girgiza. Bayan nan na jiyo muryar Jumoke tun daga titi, ta rugo ba takalmi, awon ɗinki a wuya, waya a sama, tana ihu, “Oga tsaya! Sauka! Yarinya ya ce kar a yanka!” Na fito na tarar Rwang yana karantawa. Da ya gama ya zauna a kan abin da ya faɗi. Sannan ya ce, “Yaya, da ma tun safe raina bai kwanta da aikin nan ba.” Ya sallami mutanen. Yanzu an fara haƙa tushen shaguna ta wajen gareji, ya ce in gode miki, shi kunya ba za ta bar shi ya kira ba tukuna.

Babban reshen ne ya tafi, Loyis. Wanda ya rufe rumfa, wanda kika maƙale a kai. Da ban ce wa Rwang ya gaggauta ba da yana nan. Na yi kuka a kansa kamar mutum.

Da na natsu na karanta bayaninki, sai na tuna da bokitin bayan ƙofa. Ashe duk safiyar da nake canza ruwa ina tsaki, aikin da ya kamata nake yi. Na ɗauki ɗaya na gatsa da addu'a, ɗacin ya kusa ƙarewa. Na ƙwanƙwasa su da muciya, na sa gishiri da tafarnuwa da ɓawon lemo. Ganyenku ban san shi ba, na sa daddoya da ɗan yaji. Ranar Kirsimeti na dire wa Rwang a murfin kwano. Ya ja kujera baya, sai da na ci a gabansa. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ce bai kai atili ba amma a bar kwanon a nan. Direban da ya ƙware da dariya kwanaki, shi ne yanzu yake tambaya ko da saura. Ɓarɓashin burodin nan naku ma na gwada da ragowar na biki. Ba zan ce komai ba, kaji dai sun yi asara.

Chinonye za ta koma, ga ƙunshi biyu. Babban ƙunshin na atili ne, daga reshen da ya faɗi na tsince shi, ban bar ko ɗaya a ƙasa ba. Ni ba zan yi irin taki ba, ga bayani: ruwan ɗumi, wanda yatsa zai iya zama a ciki. Kada ki bar tsohuwar nan ta tafasa, in ya ji tafasasshen ruwa ƙanƙarewa yake, kuma ba ya dawowa. Ita za ki fara ba wa, a murfin kwano, kafin ta tambaya. Ki ce mata wata mai rumfa a Jos tana yi mata sannu da hannu.

Ƙaramin ƙunshin naki ne. Inda aka yanke reshen, bishiyar ta yi ta zubar da ƙaro, ban taɓa ganin ta ba da mai yawa haka ba. Na bari ya daskare na kankaro. Ki jefa kaɗan a garwashi da yamma ki tsaya a ƙofar taki.

Ba na cewa ki dawo, ki gama abin da ya kai ki. Amma duk ranar da za ki zo, ki zo da hula. Tun da reshen ya tafi, rana tana dukan bencin da kike barci a kai. Rwang ya ce a matsar da shi cikin inuwa, na ce a bar shi inda yake.

Goggonki,
Fibi